Malmala nawa zan ci in ina son rage ƙiba, alhali ciyayya muke yi?

Baban Sadiƙ, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 46, tsawona santimita 168, nauyina kilo 92. An auna ni a asibitin garinmu, aka ce jinina ya fara hawa, suga kuma yana bakin iyaka. Ba a ɗora ni a kan magani ba tukuna, an ce in rage abinci, in riƙa lura da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in dawo bayan wata uku. To duk bayanin da nake gani a waya na masu ci a faranti ne, masu sikeli a kicin. Mu kuwa tukunya ɗaya ake ɗorawa ta mutum goma sha ɗaya. Da safe ɗumame ko koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da mai da yaji ko ɗanwake, da dare tuwon masara ko na dawa. Kuma abincin dare ciyayya muke yi a ƙofar gida mu biyar, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa. Da damina ina gona, da rani ina zaune a shago.

Ta yaya zan gane yawan abin da nake ci, kuma malmala nawa ta dace da ni? Sannan yaya zan yi da ciyayyar ba tare da maƙwabta sun ga kamar na guje su ba? Allah ya saka da alheri.

Malama Hadiza, Dutse:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Mai shekarunka da tsawonka da nauyinka, in zaman shago yake yi, jikinsa na ƙona kalori wajen 2,400 a rana. In ka tsaya tsakanin 1,900 da 2,000 za ka riƙa sauke kusan rabin kilo a mako, domin kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori wajen 7,700. Kada ka nemi saurin da ya wuce wannan. In ka sauke kilo biyar zuwa tara cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, ya isa a ga bambanci a awon jini da na suga.

Tambayar "malmala nawa" ba ta da amsa ɗaya, don malmalar kowane gida da girmanta, kuma kowace mace da hannunta wajen tuƙi. Tuwo mai tauri ya fi mai laushi cin gari ko da girmansu ɗaya ne a ido. Saboda haka a madafa ake ƙirga kalorin tuwo, tun yana gari. Ruwan da aka tuƙa da shi ba ya ƙara komai.

Garin masara, na dawa da na gero duk kusan ɗaya suke, giram 100 yana ɗauke da kalori wajen 350. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, in aka cika shi da gari aka shafe bakinsa ba tozo, yana cin kusan giram 100 ɗin nan. Ka roƙi uwargida ta yi maka wannan aikin kwana uku a jere: ta auna garin tuwon da gwangwani, har da wanda za ta yi talge da shi, sannan in ta kwashe ta ƙirga malmala. In gwangwani 15 ta tuƙa, kalori 5,250 ke nan a tukunyar. In ta fitar da malmala 12, kowace ɗaya tana da wajen 440. Mai cin biyu ya ci 880 tun miya ba ta shiga lissafi ba. Rabonka na dare tuwon gwangwani ɗaya ne, wanda in ya dahu zai kai giram 300 zuwa 350, ya ɗan fi dunƙulen hannunka. In an gano girman sau ɗaya, shi ke nan, sai a riƙa kwasa maka da mara ɗaya kullum.

Shinkafa ta fi gari nauyi. Gwangwani ɗaya na ɗanya yana kai giram 140, kalori wajen 500, in ta dahu kuma tana komawa kusan gwangwani uku. Ɗanyen wake gwangwani ɗaya wajen 440. Rabonka na rana rabin gwangwanin shinkafa da rabin na wake, kusan 470 a haɗe, wanda a dafe zai ba ka kamar gwangwani uku. A zuba wannan a langarka, ka ga inda ya tsaya, ka riƙe wurin. Ɗanwake kuwa da garinsa ake ƙirga shi kamar tuwo. Taliyar leda mai giram 500 tana da wajen 1,750, rabonka kashi ɗaya cikin huɗu.

Inda aka fi yin asara shi ne mai. Giram ɗaya na hatsi ko na nama mara kitse bai kai rabin giram ɗaya na mai kalori ba: sinadarin ƙarfi da ke cikin hatsi da mai gina jiki da ke cikin nama kowanne kalori 4 yake bayarwa a giram, mai kuwa 9. Babban cokali mai cin mililita 15 yana da kalori 120, kuma man gyada, manja, man kanti da soyayyen man shanu duk kusan haka suke, babu wanda ya fi wani sauƙi ta wannan fuskar. In aka karkata kwalba aka tsiyaya a kan garau-garau, cokali uku zuwa huɗu ne ke zuba ba a sani ba, wato 360 zuwa 480, daidai da shinkafar da waken gaba ɗaya. Cikinka kuma ba zai ji ya ƙara cika ba. Wannan ne ya sa mutum zai rage tuwo har ya riƙa jin yunwa, amma sikeli ya ƙi motsi. Ka ajiye cokali ɗaya na musamman. Ɗaya a abincin rana, a yini gaba ɗaya kuma kada ka wuce uku, har da na cikin miya da na suya.

Rabon yini zai iya zama haka. Da safe kofin koko ɗaya da ƙaramin cokalin sukari ɗaya da ƙosai huɗu matsakaita, wajen 450. Da rana shinkafa da wake da cokalin mai ɗaya, wajen 600, ka cika da kabeji, tumatir, albasa da gurji iya son ranka. Da dare tuwon nan da miya mai yawa da yankan kifi ko nama, wajen 600. Saura 300 na ɗan abin taɓawa tsakani. Lambobin nan ƙiyasi ne, za su iya kaucewa da kaɗan sama ko ƙasa, abin da ake nema shi ne ma'auni ɗaya da ba ya canzawa daga yau zuwa gobe.

Malam Ɗanjuma, Kura:

Bayanin Malama ya yi daidai, zan ɗora a kan ciyayya. Kada ka bar ta, ɗan uwa. Zumunci ne, kuma wanda ya koma ci shi kaɗai a ɗaki ba lalle ne ya rage ba.

Abin da ke cutarwa a ciyayya biyu ne. Kwano biyar ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a kowanne sai ka ga kamar kaɗan ka taɓa, alhali in an tara ya wuce malmala biyu. Na biyu sauri: hannunka yana bin hannun abokan ci, saƙon ƙoshi kuwa yana ɗaukar wajen minti 20 kafin ya isa kai daga ciki. Kwanon da aka cinye cikin minti bakwai bai ba jiki damar cewa ya isa ba.

Maganin na farko ƙirga loma. Wata rana a cikin gida a zuba maka rabon da aka auna, ka ci yadda ka saba, ka ƙirga. Lomar babban mutum tana kai giram 25 zuwa 30, don haka za ka samu 10 zuwa 14. Wannan adadin shi za ka fita da shi ƙofar gida, ka raba shi a kan duk kwanukan, uku nan, uku can. Ba wanda zai san kana ƙirgawa. In shinkafa ce a tire, tun farko ka ja rabonka da gefen hannu zuwa gabanka, ka tsaya a kansa. Ka ƙanƙanta loma, ka yawaita miya, ka zama na ƙarshen sa hannu. Da adadinka ya cika ka wanke hannu nan take, ka ɗan ja baya a ci gaba da hira. In ka zauna da hannu a jiƙe da miya a bakin kwano, komawa za ka yi.

Ka kuma faɗa musu gaskiya sau ɗaya, cewa asibiti aka ce ka rage saboda jini. Mutanenmu ba sa jayayya da maganar lafiya, addu'a za su yi maka. In wani ya matsa, akwai hadisin da kowa ya sani na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Kada ka fita da yunwa mai tsanani. Kafin a fito da kwanuka ka sha moɗar ruwa, ko ka ci ɗan kwaɗon zogale ko na rama. Ya ma fi kyau a riƙa haɗa kwanon ganye cikin abin da gidanka ke fitarwa, kowa ya amfana. Sai dai a kula, ganyen ba shi da kalori mai yawa, ƙuli-ƙulin da man da ake kwaɗa shi da su ne ke da shi. Cokali biyu na garin ƙuli ya isa kwano ɗaya, ba sai an ƙara mai ba.

Amma ni a ganina shagon nan ya fi ciyayya haɗari. Mai zaman shago talla ce ke wucewa ta gabansa tun safe har magariba. Gyada cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, kalori 170 ce. Dabino ƙwaya ɗaya 20 zuwa 25. Soyayyar awara giram 100 tana kai 270. Lemon roba mai santilita 50 ya haura 200, kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan. Zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa su ma sukari ne ke riƙe da su. Teburin mai shayi kuwa, kofi mai kauri da madara da sukari, burodi giram 150 da soyayyen ƙwai biyu, yana kai 900, kusan rabin abincinka na yini a zama ɗaya. In ka ga dama ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka a shago na kwana uku, za ka ga inda ƙibar take shigowa.

Sai batun lokaci. Ranar da ka wuni kana huɗa ko noma da fartanya, jikinka na iya ƙona fiye da 3,000, ranar nan ƙara malmala ba laifi ba ne, kuma matse ciki a irin wannan aiki jiri yake kawowa. Kuskuren shi ne a gama kaka, aiki ya tsaya, hatsi ya cika rumbu, amma cin damina ya ci gaba har bazara. Da rani ka nemi abin da zai maye gurbin gona: tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, wanda ya yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Ajiye babur in tafiyar cikin gari ce.

Baban Sadiƙ, daga ƙasar Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Saura abu uku. Fura da nono fa, ina sha kusan kullum da azahar bayan abinci? Sannan wasu sun ce in koma tuwon alkama, wasu kuma sun ce akwai shayin rage tumbi a kasuwa. Kuma in yunwa ta taso da dare yaya zan yi?

Anti Bilkisu, ma'aikaciyar lafiya, Birnin Kudu:

Malam, fura abinci ce cikakkiya, ka daina ɗaukar ta abin sha. Curin fura mai giram 100 yana da kalori wajen 200. Rabin litar nono 200 zuwa 300, ya danganta ko tsala ne da aka cire wa mai ko kindirmo. Babban cokalin sukari wajen 50. In aka dama curi biyu da rabin lita da sukari cokali uku, ƙwaryar ta kai 800, ta fi tuwonka na dare. Ba a hana ka ba, amma ta zauna a madadin abincin rana, kada ta hau kansa: curi ɗaya, nono kofi ɗaya da rabi, ba sukari ko ƙaramin cokali ɗaya. Mai suga a bakin iyaka ya fi kowa buƙatar wannan, don damammen abu ya fi saurin shiga jini.

Garin alkama giram 100 kalori wajen 340 ne, kusan daidai da masara. In ka ci malmala biyu ta alkama, ka ci malmala biyu. Amfanin da ake faɗa yana cikin dusar da ba a cire ba, ita ke sa abinci ya daɗe a ciki. Wannan kuwa za ka same shi a dawarka da geronka in aka rage surfe, ba sai ka sayi hatsi mai tsada ba.

Shayin rage tumbi ka bar shi. Da yawansu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari. Sikeli zai nuna ka ragu kilo ɗaya ko biyu, amma ruwa ne ya fita, kitsen na nan, kuma nauyin yana dawowa da zarar ka sha ruwa. Ga mai hawan jini, rasa ruwa da gishirin jiki ta wannan hanya yana wahalar da ƙoda da zuciya.

Yunwar dare yawanci daga safe take farawa. Wanda ya tsallake karin kumallo don ya rage, shi ne ke cinye kwano biyu bayan isha'i. Ka ci sau uku, kuma kowane ci ya ƙunshi abu mai gina jiki, don shi ya fi riƙe ciki: wake, dafaffen ƙwai mai kalori 75 kacal, kifi, nono, alala, ko awarar da aka sa a miya ba a soya ba. In duk da haka ta taso, ka sha ruwa ka jira minti goma, in tana nan ka ci gurji, yalo, karas, gwaiba ko lemon zaƙi ɗaya. Mako biyun farko ne suka fi wuya, daga nan ciki yana sabawa.

Tunda jini ne ya kai ka asibiti, gishiri ma yana cikin awo. Iyakar babban mutum ƙasa da giram 5 ne a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Yajin da ake barbaɗawa a shinkafa da ɗanwake cike yake da su biyun. A daka maka naka daban, a ƙara citta, tafarnuwa da daddawa.

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai, a kan sikeli ɗaya. Nauyi na iya hawa da sauka da kilo ɗaya cikin kwana guda saboda ruwa, wanda ke aunawa kullum karaya yake yi a banza. In babu sikeli kusa, ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka ta saitin cibiya. Burin shi ne bakinta biyu su haɗu. In mako huɗu suka wuce ba canji, ka koma kan mai da abin sha kafin ka ƙara rage tuwo.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: wannan ragin naka ne kai kaɗai. Kada a rage man tukunyar gida saboda kai. Yara ƙanana, mai ciki da mai shayarwa suna buƙatarsa, mai shayarwa ma ƙarin kusan kalori 500 take nema a rana, kuma a yankinmu tamowa ta fi ƙiba damun yara. In kuma aka ɗora ka a kan maganin suga nan gaba, musamman allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, ka gaya wa likita ka rage ci, don suga na iya faɗuwa ƙasa sosai. In ka ga kana ramewa fiye da ƙima tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko tari ya wuce mako biyu, kada ka jira wata ukun, ka koma asibiti.

Maman Ummi, Gezawa:

Sannunku da ƙoƙari. Saƙona ga uwargidan Malam ne, don a hannunta aikin yake.

Yaya, ki nemi ƙaramar mara ki ware ta, da langa ɗaya wadda rabonsa zai cika ta. Abinci kaɗan a babban kwano yana sa mai ci ya ga an ƙware shi tun bai fara ba. Ki kwashe masa miya kafin ki zuba man shanu, in kuma mai ya taso saman tukunya ki nutsa ludayi ƙasa ki ɗebo masa. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi da yakuwa ba su da nauyi, ki cika masa. Taushe da miyar gyada ne ke buƙatar awo, don niƙaƙƙiyar gyada giram 100 ta haura kalori 550, ludayi ɗaya ya ishe shi, ki ƙara masa kabewa da alayyahu a ciki.

Ɗumame tuwo ne, a ƙirga shi kamar na dare. Rabin malmala da ƙwai ɗaya ya yi karin safe, kuma kada a haɗa masa ɗumame da koko da ƙosai a rana ɗaya. Ƙanzo ya fi tuwo kalori in aka gwada nauyi da nauyi, tunda ruwansa ya ƙone, don haka in an jiƙa shi an kwaɗa da ƙuli da mai, ya zama abincin rana sukutum. Ƙosai da awara kuma a bari mai ya yi zafi sosai kafin a saka, man da bai yi zafi ba shi suke sha, sannan a tsame a matsami ya tsane. Ranar da ba suya, ki yi masa alala da wannan ƙullun.

In ya ci ya rage, ki ɗauke kwanon daga gabansa ki rufe, ki ajiye tukunya a madafa kada ta zo inda yake zaune. Ranar suna ko biki, inda waina da funkaso da shinkafa ke zuwa daga ko'ina, ki zaɓar masa kala ɗaya a langarsa, waina uku da miya, sauran ki raba wa yara da almajirai tun da zafinsu.